Wuyan Amarya Ba Ya Sunkuyawa

"Ku kalle ta dai! Sai ka ce ta haɗiye taɓarya!"

Inna ce ta faɗi haka a falonta, gaban 'ya'yanta mata uku. Amarya, matar autanta Mai Walda, tana durƙushe, kanta a miƙe cikin kwalar roba mai tallafe wuya. Wata biyu ke nan da likitoci suka cire mata ƙari a ƙashin wuya, suka yanko ƙashi daga ƙugunta suka dasa a gurbin, suka ɗaure da ƙusoshi. Sun gargaɗe ta: kada ta sunkuya sai dashen ya kama, in ba haka ba ƙafafunta na iya mutuwa.

Amma ina ruwan Inna! Ita da 'ya'yanta matan, waɗanda ko sau ɗaya ba su leƙa asibitin ba, duk sun zama likitoci.

"Wane ofareshan? Girman kai ne kawai!" in ji babbar yaya, tana taɓe baki.

"Ko ta sunkuya ta gaishe ni, ko ka sake ta yau!" Inna ta daka wa ɗanta tsawa.

Hawaye suka zubo wa Amarya. Tana son mijinta, ta kuma gaji da gori. Ta kai hannu za ta ɓalle kwalar.

Caraf Mai Walda ya riƙe hannun. "Wallahi ba ki isa ba!" Ya zube ƙasa. "Inna, ga nawa kan, na sunkuyar a madadinta. Gobe ki bi mu asibiti, in ƙarya ce na yarda in sake ta."

Inna ta bi su, da niyyar tona asiri. Likita ya ɗaga hoton wuyan, ya nuna mata gutsuren ƙashin da ƙusoshi huɗu.

"Mama, da ta sunkuya jiya, da wataƙila a keken guragu za ku turo ta."

Da Amarya ta sauko daga gadon gwaji, sai ta shiga laluben takalminta da ƙafa, don ba ta iya ganin ƙasa. Inna ta dube ta, ta daɗe. Sannan ta dafa gwiwa, ta duƙa, ta saka mata.

"Yi a hankali, 'yata."

Bayan wata huɗu dashen ya kama. Yayyen kuwa har yau kunya ba ta bar su sun haɗa ido da ita ba. Haƙuri ya yi rana. Ladabi a zuciya yake, ba a wuya ba.