Furen da Ba Ya Yin Iri

A wani zamani can baya, a wani ƙauye na gindin dutse, an yi wata mata mai suna Tabawa. Da mahaifiyarta ta rasu, ta bar mata fure guda a kasko, ruwan ɗorawa, mai ninki kan ninki. Furen ba ya son zafin rana, don haka kullum Tabawa takan ja shi inuwa ta ba shi ruwa.

Wata maƙwabciya ta zo ta ce, "Tabawa, ɗan sam mini saiwarsa in dasa."

Tabawa ta ce, "Na Inna ne, ba a taɓa shi."

Ta biyu ta zo, ta uku ta zo, duk amsar ke nan.

Da shekara ta zagayo, ganyen ya fara yaushi. Ta ƙara ruwa, bai farfaɗo ba. Sai ta kai shi wurin wani tsoho mai lambu.

Tsohon ya duba ya ce, "'Yata, saiwa ta cika kaskon har ta shaƙe kanta. Wannan fure ba ya yin iri. In ba ki raba shi ba, daga kanki ya ƙare."

Tabawa ta koma gida ta fasa kaskon, ta raba saiwar kashi huɗu. Ta bi gidajen maƙwabtan nan uku da sallama, tana ce wa kowace, "Ga shi, ki gafarce ni."

Da damina ta sauka, na maƙwabta suka riga nata buɗewa. Tabawa ta tsaya a ƙofar gidan farko tana kallo har idonta ya cika, sannan ta koma gida ta shayar da nata.