Ranar da Leɓen Fatahu Ya Yi Baƙi

Zinatu na tankaɗe a tsakar gida sai ta ji faɗuwar kujera. Ta yar da rariya ta ruga ɗaki, ta tarar da mijinta Fatahu a ƙasa yana karkarwa. Ta juya shi gefe, ta tura zane ƙarƙashin kansa.

Mahaifiyarta, wadda ta zo Arlit ganin gida daga Damagaram, ta daskare a bakin ƙofa.

"Innalillahi! Dubi leɓensa, baƙi ƙirin! Jininsa ya lalace, 'yar nan, kar ki taɓa yawunsa!"

"Inna, ba a ɗauka. Numfashi ne ya tsaya, jinin bai samu iska ba. Haka Madam Dorkas ta asibiti ta gaya mini."

Ta ɗora tafi a ƙirjinsa. Zuciyar na bugu kamar za ta fasa ƙashi. Can ta lafa, leɓen ya washe.

Tun da farfaɗiya ta kama Fatahu kamfanin ma'adinai ya karɓe kamiyon, babbar motar da yake tuƙawa, a shekarar da ake ta sallamar ma'aikata. Ga fari, ga 'yan tawaye sun tare hanyar Agadas, ƙwayar maganinsa ta ƙare a farmasi.

Da la'asar Inna ta ce, "Haɗa kayanki. Ba zan goyi jika mai wannan jinin ba!"

Fatahu na jingine da bango, murya a dishe. "Bi ta, Zinatu. Na gaji da ganinki kina ɗaga ni."

Hawaye suka zubo mata. "Ni ma na gaji, wallahi. Amma in na tafi, wa zai juya ka?"

Inna ta tafi cikin fushi, a ayarin motocin da sojoji ke rakiya. Zinatu ta koma suyar fanke a bakin kasuwa, tana suya tana gyangyaɗi, kunnenta na gida.

Da hanya ta buɗe magani ya samu, faɗuwar ta yi ta raguwa. Fatahu ya kama facin taya wajen maƙwabcinsu Nomau. Da Zinatu ta haihu, sai ga Inna ranar suna, ba wanda ya aika mata. Ta daɗe tana kallon jaririn, sannan ta dubi surukinta.

"Fatahu, tsoro ne ya sa ni. Ka yafe mini."

"Ba komai, Inna."

Ciwo ba abin kunya ba ne, kuma wanda ya yi haƙuri da mara lafiyarsa, Allah ba ya barinsa ya taɓe.