Igiyar Dutsen Zuma

A can da, lokacin da yara suka san duwatsu kamar tsakar gidansu, akwai wani ƙauye a gindin dogon dutse. Bayan girbi yara kan yi tseren hawa, wanda ya fara kai ƙololuwa shi ke shan zuman farko da ake ajiyewa can a ƙwarya. Inda dutsen ya yi santsi an rataya igiyar rama, kuma duk wanda ya haye sai ya leƙo ya ce wa na baya, "Igiya lafiya!"

Wata shekara wata yarinya ta wuce kowa. Da ta haye, sai ta ga dutse ya ci igiyar, ta kusa tsinkewa. Ga ƙololuwa kusa, ga ɗan kawunta mai tsokanarta a ƙasa.

"Ke hawainiya, igiya lafiya?" in ji shi.

"Ba lafiya ba, dakata."

Ta jawo igiyar, ta ƙulle, ta sake ƙullewa, har hannunta ya sale. Sannan ta ce, "Igiya lafiya!"

Ya haye, ya wuce ta a guje. Da ta isa ƙololuwa, ta tarar da shi zaune, bai taɓa ƙwaryar zuman ba. Ya tura mata, ya ce, "Yaya, fara sha."