Angon Hure

Kwana uku bayan Cika-ciki, rana ta riga ta faɗa bayan gero, Inna Larai na durƙushe a madafa tana kwashe tuwo, sai ta ji dutse ya sauka a kan kwanon ɗakinta. Ƙwal! Ta ɗaga kai ta ce, "Kai jama'a, ku ji tsoron Allah, magariba ce fa." Ba wanda ya amsa. Gidan mijinta, Malam Badaru, shi ne na ƙarshe a ƙauyen, can arewa da Makoda, kuma damina ta yi kyau a shekarar, gero ya kewaye gidan ta ko'ina har ya fi katanga tsawo. In ka tsaya a tsakar gida ba abin da kake gani sai kawunan gero da ɗan guntun sama.

Dutse na biyu ya faɗo gaban 'yarsu Hure, tana tsugune tana alwala. Ta ɗauka ta juya shi. Da ɗuminsa, kamar yanzu ya fito daga tafin hannun mutum. Ta kwashe da dariya ta ce, "Inna, rabu da shi, Ikrima ne. Zai zo hannu."

Ikrima ɗan ƙanwar Malam Badaru ne, taubashin Hure ke nan. To, kun san taubasantaka: ba a fushi, ba a kai ƙara, wanda aka yi wa sai dai ya rama. Amma tasu ta yi yawa, wallahi. Ta taɓa ɗinke masa ƙafar wando ranar Juma'a, shi kuma ya taɓa saka mata kwaɗo a tulu. Duk ƙauyen an san in ka ga Hure ta yi shiru, to Ikrima bai zo ba ne. Manya har sun fara ƙus-ƙus cewa wannan faɗa ba inda zai ƙare sai ɗaki ɗaya. Su biyun ba su taɓa cewa uffan a kai ba, tsiyar nan ita ce zancensu.

Na bana kuwa ya fi na kullum. Ikrima na da shagon cajin waya da wankin hoto a Makoda, hannunsa ya iya zane. Ana jibi Cika-ciki, ranar da taubasai ke baje kolin tsiyarsu, ya tarar da Hure bayan la'asar a gindin ɗorawar bayan gida, tana tsinkar zogale barci ya sace ta, baki buɗe. Kusa da ita akwai wani tsohon turmi a kife, ya tsage, ba wanda ya san tun yaushe yake wurin. Ya ɗauke ta hoto. Ya koma shago ya zana mutum zaune a kan turmin: tsoho mai ƙaton tumbi, da kunnuwan jaki, da haƙori ɗaya, da jela tana jan ƙasa. A ƙasa ya rubuta ANGON HURE. Ya buga shi ƙato kamar fastar 'yan siyasa, ya liƙa a bangon zaure, ya kuma tura wa dangi ta waya. Ranar an yi dariya har da masu hawaye. Hure ta bi shi da muciya har bakin masallaci.

Shi ya sa da jifa ya ci gaba, kowace magariba, ba wanda ya damu. Aka wayi gari an ɗaure takalman gidan gaba ɗaya da igiya ɗaya. Washegari aka ga hular Malam Badaru a kan akuya. Inna Larai ta dama kunu, aka kai baki, gishiri zalla. Ikrima ya rantse ya maya ba shi ba ne, aka ce, "To, mun ji." Sai ranar da yake zaune a zaure, hannunsa da na kawunsa cikin akushi ɗaya, duwatsu suka shiga zuba a tsakar gida kamar ana sauke yashi. Malam Badaru ya dubi hannun Ikrima, ya dubi fuskarsa, ya cire nasa hannun daga tuwon. Daga ranar ba a ƙara dariya a gidan ba.

Sai Hure. Ita ce ta ci gaba.

Abin ya fara ne a hankali. Rana na faɗuwa sai ta zauna ta fuskanci bango, kafaɗunta su soma rawa, dariya na fita ƙasa-ƙasa. Kafin a idar da salla ta yi ƙarfi. Ba dariyarta ba ce, kowa ya san tata. Wannan busasshiya ce, mai tari a ciki, kuma ba ta barinta ta ja numfashi. Hawaye na zuba, idanunta na roƙon uwarta, baki kuwa yana ta yi. Sai an kira isha'i take sakinta, ta zube kamar wankakken zane. Da safe a tarar an zana kunnuwan jaki da gawayi a bango, daidai saitin kanta.

Malam Badaru ya yage fastar ya ƙona. Ya yi tofi a ruwa ya ba ta, ya karanta abin da ya sani a kusurwoyin gida. Ina! A kwana na tara ya ce a kai ta asibiti a Makoda. Ikrima ya kawo mashin da hantsi, Hure a tsakiya, Inna Larai a baya tana riƙe da ita. Hanya ɗaya ce tak ta ratsa cikin geron zuwa titi, hanyar da Ikrima ke bi ko ido rufe. Suka shiga, suka yi ta tafiya, gero dama gero hagu, sai ga su a ƙofar zauren da suka bari. Suka sake. Sau uku. A na ukun Inna Larai ta sauka ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Kowa na iya fita daga gidan ya dawo, amma ba da Hure ba.

Maƙwabta suka ɗauke ƙafa, ko garwashi ba a zuwa ɗiba. Hure ta daina cin abinci, haƙarƙarinta ya yi tsami, ko ruwa ta sha sai ta riƙe ƙirji. Ikrima ya rufe shago ya tare a zauren. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, cewa wata magariba dariyar nan za ta tafi da numfashinta gaba ɗaya yana zaune yana ji.

Shi ya je garin Zakirai ya ɗauko Malam Zubair, wani dattijo siriri, mai karantarwa, wanda aka sani da yi wa masu irin wannan lalura karatu. Suka iso da la'asar sakaliya. Malamin bai zo da komai ba sai buta da carbi. Ya sa Inna Larai ta lulluɓe 'yarta ta riƙe ta, Malam Badaru a gefe, Ikrima a bakin ƙofa. Ya zauna yana jira. Inuwar katanga ta rarrafo ta rufe tsakar gida, kaji suka shige, iska ta tsaya cak, ko ganyen gero ba ya motsi. Kafaɗun Hure suka soma rawa.

Malam Zubair ya fara karatu, a hankali, ba ya ɗaga murya. Dariyar ta hau, shi ma ya hau. Can sai ta yanke kamar an datse ta da wuƙa. Hure ta miƙe zaune, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman dattawa, ta yi gyaran murya.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni." Muryar tsoho ce.

"Wane ne kai, kuma me baiwar Allah ta yi maka?"

"Ita? Ba komai. Shekara nawa tana zama kusa da ni, ko inuwarta ban taɓa takawa ba." Kan Hure ya juya sannu a hankali zuwa bakin ƙofa. "Wancan za ka tambaya. Turmin nan wurin zamana ne tun kafin a dasa ɗorawar. Ina zaune da mutuncina, ya zo ya ɗora mini kunnen jaki da jela. Ya ce ni angon taubashiyarsa ne. To, na karɓa. Ai na shiga dangi ke nan, ni ma taubashi ne. Wasa nake yi. Ko ba ku kuka ce ba a fushi ba?"

Ikrima ya ce, "Wallahi ban gan ka ba, Baba. Turmi kawai na gani."

"Da ka gan ni, da ba ka yi ba. Da ba ka gan ni ba, sai ka ce ba kowa."

Malam Zubair ya ce, "An zalunce ka bisa rashin sani, kai kuma kana zalunci da saninka. An ƙona takardar. Ka ji tsoron Allah ka fita."

"Takarda?" Tsohon ya yi wata 'yar dariya ta bakin Hure. "Jiya an buɗe hoton nan can birni a unguwar Bacirawa, mata biyar suka yi ta ƙyaƙyatawa. Shekaranjiya a cikin mota. Duk inda aka yi dariyarsa, a kunnena take sauka. Ya tattaro mini su duka, in tafi."

Ikrima ya san ba zai yiwu ba. Abin da ya shiga waya ya shiga, daga dangi ya tafi wurin abokan dangi, daga nan Allah kaɗai ya san inda ya kai. Ya faɗa wa tsohon haka.

"To, a bar ni in ƙarasa wasana."

Malam Zubair ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Tsohon ya yi ƙara, amma bai fita ba, sai ya sake sakin dariyar a ƙirjin yarinyar. Jikinta ya sandare, leɓunanta suka yi fari, numfashi ya ƙi shiga. Inna Larai ta fasa kuka tana cewa, "Malam, za ta mutu! Za ta mutu a hannuna!"

Ikrima ne ya faɗo cikin ɗakin a kan gwiwoyinsa. "Ni na yi! Ka faɗi abin da kake so a wurina, ka sake ta!"

"Kai, yaro, yi shiru," in ji Malam Zubair. Amma an riga an ji.

Dariyar ta tsaya. Hure ta ja numfashi mai tsawo, tsohon ya dawo, a natse. "Ba na son jini, ba na son turare. Ka ɗauke mini mutunci da wasa, to wasan zan ɗauka. Tsakaninka da ita ya ƙare. Ba zolaya, ba tsokana, ko murmushi in ta tsokane ka. Ranar da ka rama, ranar zan dawo, kuma ba zan tsaya jin karatu ba. Ba kuma mai gaya mata dalili a cikinku. Ni ma ba wanda ya gaya mini dalili."

Ikrima ya dubi Hure, ta rame, wuya kamar sillen kara. Ya ce, "Na yarda."

Malam Zubair ya sa tsohon ya rantse da Wanda ya halicce shi cewa zai fita, sau uku. Hure ta yi atishawa mai ƙarfi, ƙafarta ta hagu ta karkaɗa, ta sulale jikin uwarta. A waje iska ta saki, gero ya soma shuu. Can ta buɗe ido ta ce, da muryarta, "Inna, yunwa nake ji."

Da Ikrima zai mai da malamin gida, hanya ta kai su titi ba gardama. A bakin titin ya tsaya ya ce, "Malam, dole ne in cika alkawarin nan? An ce yawancin aljanu maƙaryata ne."

"Haka ne. Ni ban ce ka ɗauka ba, da ka bar ni da shi. Ku riƙe azkar safe da yamma, Allah shi ne mai tsarewa. Mai yiwuwa barazana ce kawai, ba zai iya dawowa ba." Dattijon ya gyara zama a bayan mashin. "Za ka gwada a kanta?"

Ikrima ya tada mashin.

Hure ta warke sarai. Ba ta tuna komai ba, an ce mata zazzaɓi ne mai zafi ya kwantar da ita. Ikrima ya yi sati uku bai taka gidan ba, sai da uwarsa ta aike shi dole. Ya yi sallama da hantsi, ya tarar da Hure na shanya gyaɗa, ta yi kumari, idanunta sun dawo. Tana ganinsa fuskarta ta washe.

"A'a! Ka ga mai kan ƙwarya! Ina kwance rai a hannun Allah ka gudu, matsoraci. An ce har kuka ka yi, da majina. Gaskiya ne?"

Amsa ta taso masa har bakin leɓe, mai daɗi, irin wadda za ta sa ta jefe shi da tsintsiya. Ya ga Inna Larai a ƙofar madafa ta tsaya cak da ludayi a hannu, tana kallonsa. Ya haɗiye.

"Ina kwana, Hure. Ya ƙarfin jiki?"

Ta yi dariya, tana jiran sauran. Ba saura. Ta ɗebo gyaɗa ta watsa masa a ƙirji. Ya sunkuya ya tsince ta ɗaya bayan ɗaya ya mayar kan tabarma. Dariyarta ta ragu, ta ƙare.

"Ikrima, me na yi maka?"

"Ba komai."

"Inna, me na yi masa?"

Inna Larai ta juya ta shige madafa. Hure ta daɗe tana dubansa, ranta ya ɓaci, kuma Ikrima ya ga lokacin da ya ɓaci. Ta gyara mayafinta. Sannan ta durƙusa har ƙasa, abin da ba ta taɓa yi masa ba tun da aka haife ta, ta sunkuyar da kai.

"Ina kwana, Malam Ikrima."

Ya ce, "Lafiya lau."