Daƙiƙun da Sista Ta Cire

A allon kwamfuta ta fara ganinsa, kafin su haɗu ido da ido. Shekara goma sha tara ta yi tana aikin jinya, tana cika arba'in da uku ta ajiye ta koyi tace fim, amma har yau Sista ake ce mata. Aikinta na farko fim ne na soyayya da barkwanci, labarin magidancin da ya bar ofis ya koma koyon ɗinki. Jarumin ma sabon shiga ne, tsohon malamin sakandare mai furfura a gemu, kowa Malam yake ce masa.

Akwai wurin da yake fama da zura zare a allura, hannunsa na dama yana rawa. Darakta ya yi dariya har da hawaye. Ita ba ta yi ba. Ta bar hoton ya wuce inda aka ce a yanke, 'yan daƙiƙun nan kafin a kashe kyamara. Wasa ya ƙare, hannun bai daina rawa ba. Malam ya danne shi a cinya da ɗaya hannun, ya waiga ko wani ya gani.

Ta cire wurin gaba ɗaya.

Washegari sai ga shi a ɗakin tacewa, ɗan ƙuƙumin ɗaki mara taga mai kujera biyu da fanka. Ransa a ɓace, amma malami ne, faɗan ma a tsare ya yi shi. Ya ce ya san shi ba gwani ba ne, sai dai bai zaci raini zai kai a cire wuri guda da ya ba mutane dariya ba. Ba ta yi musu ba, ta kunna masa daƙiƙun ya kalla.

"Tun yaushe?" ta tambaye shi a hankali.

Ya ce shekara biyu. Alli ne ya fara tona masa asiri, rubutunsa ya karkace a allo, ɗalibai suna ƙus-ƙus. Sai ya ce wa kowa sha'awar fim ce ta raba shi da aji. Ko likita bai gani ba, don tsoron abin da zai ji.

Ita ta kai shi. Likita ya ce ciwon jijiya ne da ba ya warkewa, sai dai magani ya rage masa gudu. Shi matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce, ita aurenta ya daɗe da mutuwa, kuma dukansu sun zaci sun wuce wannan babin. Ba su wuce ba. Kullum da safe wayarta sai ta yi ƙara.

"Mai almakashi, na sha maganin safe. Ya jikinki? Kin karya kuwa, ko kina can kina datse bayin Allah?"

"Na karya, ɗalibina. Talata akwai ganin likita, kada ka ce ka manta."

Da maganar aure ta taso, Innarta ta ƙi. Ta ce da bakinta Sista ta faɗa ta gaji da jinya, yanzu kuma za ta kwaso majinyaci har cikin ɗakinta. Maganar ta kai kunnen Malam, sai ya turo saƙo guda: "Inna ta yi gaskiya. Ba zan mayar da ke inda kika gudo ba." Daga nan wayar ta yi shiru kwana tara. Sista ta yi kewarsa ƙwarai, ta kuma ji haushinsa.

A na goma ta sami Inna a falo tana ninke kaya, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.

"Ba jinya ce ta gajiyar da ni ba, Inna. Shekara goma sha tara ina tambayar mutane ya jiki, in koma gida babu mai tambayata. Shi kullum sai ya tambaya."

Inna ta ajiye rigar da ke hannunta. Da yamma ta ce a kira shi.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, taron 'yan uwa kaɗan da abokan aiki. Da suka durƙusa gaban Inna, ta dube shi ta ce:

"Na san abin da ke gaba, ita ta fi ni sani. Abu ɗaya nake roƙo, ranar da jikin ya yi nauyi ma, ka ci gaba da tambayarta nata. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ku daɗe tare."

Malam ya buɗe baki zai ce amin, muryar ta ƙi fita. Sista ta ce amin a madadinsu su biyun.