Agogon Malam Jenda

Tana kicin tana kankare tukunya, takardar ɗaukar aiki a ninke cikin aljihunta, maigidan kuwa yana falo ya baje manyan takardu yana shirin bitar gobe. Malam Jenda ake kiransa a unguwa, domin aikinsa na jenda, wato adalci tsakanin maza da mata, a ƙungiyar agaji shi ne bin gari-gari yana yi wa maza huɗuba su taya matansu aiki. Baki gare shi kamar rediyo, amma a gidansa ko inda ake ajiye ashana bai sani ba.

Ita kuma gyaran famfon burtsatse ta karanta, shekara uku satifiket na kwance a akwati. Yanzu wata ƙungiya ta neme ta ta koya wa mata gyara, kuma yau ƙarfe huɗu za a rufe karɓar amsa.

"Masoyi, ka yi wa Umma maganar aikin nawa?"

"Ai... ana kan tuntuɓar masu ruwa da tsaki."

"Mai ruwa da tsakin mutum ɗaya ce fa, sati biyu kana tuntuɓa!"

Ba ta rufe baki ba sai ga sallamar Umma, mahaifiyarsa, fuska a murtuke.

"Na ji wai za ki riƙa yawo da sifana kamar bakanike. To wa zai kula min da ɗa? Dubi yadda aiki ya ramar da shi!"

Ramammen ya yi maza ya ja riga ya rufe tumbi. Matar ta durƙusa, idanunta suka ciko, ta dubi mijinta ko zai ce wani abu. Shi kuwa gogan ya duƙufa neman murfin biron da ke hannunsa. Wannan shirun ya fi faɗan Umma yi mata ciwo.

Umma ta hango wasu da'ira biyu a takarda. "Waɗannan fa?"

Nan take bakinsa ya dawo. "Agogon yini ne, Umma! Miji ya faɗi abin da yake yi tun safe, mata ta faɗi nata, sai a kwatanta."

"Madalla. Yi mana na gidan nan, ta ga wahalar da kake sha."

Gumi ya keto masa, amma ba hanyar gudu. Matar na faɗa a hankali yana rubutawa: shara, girki, wanki, guga, cefane, sake girki. Da'ira ta cika, sai da aka juya bayan takarda. Nasa kuwa layi uku ne: ofis, cin abinci, nazari.

"Mene ne kuma nazari?"

"Barci ne, Umma," in ji matar, kanta a ƙasa. "Awa uku."

Umma ta ɗora yatsa a kan agogon matar. Muryarta ta sauya.

"Wannan cikakken ai nawa ne. Shekara talatin na yi da ubanka, Allah ya jiƙansa, ko kofi bai taɓa ɗauraye min ba. Ashe shi na sake haifa!" Ta juyo kansa. "Kuma kai ne ke zuwa kana yi wa mazan mutane faɗa? Ba ka jin kunya?"

"Umma, ai a hankali ake kawo sauyi..."

"Rufe min baki! 'Yata, ƙarfe nawa?"

"Uku da rabi."

"Tashi ya kai ki. Kai kuma ka dawo ka same ni a kicin."

A mota ya riƙe hannunta. "Ki yafe min. Tsoron Umma ne ya ɗaure min baki."

Ta share hawaye tana dariya. "Na yafe. Taka mota, Yallaɓai!"

Saura minti biyar ta miƙa amsarta, aka ce ta fara ranar Litinin. Haƙurinta bai faɗi ƙasa banza ba. Shi kuwa ranar ya ƙona shinkafa, Umma ta tsaya a kansa ya kankare tukunyar da hannunsa. A nan ya gane abin da bita ɗari ba ta koya masa ba: adalcin da kake kai wa matan duniya, matarka ce ta fi cancanta ta fara gani.