Ƙwai Huɗu a Cikin Hular Sanyi

Auta tana da kaza guda ɗaya, ja, mai bin ta har bakin ƙofa idan za ta makaranta. Ranar Litinin mota ta take kazar. Abin da ta bari ƙwai tara ne.

Auta ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Mama ta lallashe ta. Ta ce Kawu yana da injin ƙyanƙyasa, amma a cike yake sai ranar Asabar. Idan aka adana ƙwan da kyau, za a samu 'yan tsaki.

Mama ta jera su a kiret, tsinin kowanne yana kallon ƙasa. Ta kai ɗakin ajiya, inda rana ba ta shiga. Ta ce kada a wanke su, kada a fitar da su. Aikin Auta shi ne ta tokare kiret ɗin da katako don ya ɗan karkata, da safe gefen dama, da yamma gefen hagu.

Washegari Auta ta taɓa ƙwan, ta ji su da sanyi. Tausayi ya kama ta. Ga maraici, ga sanyi. Ta ɗauko hular sanyinta don ta sa ƙwan a ciki, huɗu kawai suka shiga. Ta kai su taga inda rana take bugawa, da yamma ta mayar. Kwana uku tana haka, ba ta gaya wa kowa ba. A ganinta har ta fi Mama tausayi.

Ranar Asabar aka sa ƙwan a inji. Bayan mako guda, a gaban Mama da Auta, Kawu ya rufe labule, ya haska su da tocila. Biyar suna da jijiyoyi ja kamar zare. Huɗu babu rai.

"Waɗannan kamar sun sha zafi," in ji Kawu.

Auta ta sunkuyar da kai, ta faɗi abin da ta yi.

"Na ga suna jin sanyi ne, Mama."

Mama ta jawo ta jikinta. "Na sani, 'yata. Ɗan da ke cikin ƙwai barci yake yi, sanyin ɗakin ne yake tsare shi. Zafi ya tashe shi, ya fara girma. Da kika mayar da shi cikin sanyi, sai ya kasa."

Auta ta ba su haƙuri tana share hawaye. Kawu ya ce ai laifinsu ne su ma, da suka ba da umarni ba su faɗi dalili ba.

Ranar da aka cika kwana ashirin da ɗaya, Kawu ya aiko a kira ta. Ta tarar da 'yan tsaki biyar, duk sun fito lafiya. Ya ɗora mata ɗaya a tafin hannu, ta ji zuciyarsa tana bugawa da sauri.

"Yanzu ne suke son ɗumi," in ji Kawu. "Za ki iya?"

"Zan iya, Kawu. Amma ka fara nuna mini yadda ake yi."

Daga ranar Auta ta gane cewa tausayi kaɗai ba ya isa. Wanda yake son ya taimaka, ya fara tambaya tukuna.